Fayil ɗin Banjiba

Lahadi, saura mako bakwai a sauke tuta

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Auta da dukan mutanen layinku. Yaya ƙafar? Kin rubuta cewa ta yi sauƙi, amma na san halinki, ko tana ci da wuta haka za ki ce. Mu nan lafiya lau muke, sai gajiya. Uwar yara tana gaishe ki, yaran ma duk suna gaishe ki.

Wasiƙarki ta iso ranar Laraba. Rubutun naki ya gyaru ƙwarai, har na nuna wa uwar yara. Haruffan sun daina hawa kan juna, layin ma ya daina gangarawa kamar zai faɗo daga takardar. Wa zai ce wadda ta fara riƙe fensir da goyo a baya ce ta rubuta? Ban manta abin da ya sa kika koya ba. Kin gaji da roƙon mutane su karanta miki sunayen da ake liƙawa a bangon tasha, kina zargin suna tsallake na mijinki.

To ga amsar abin da kika tambaya, kuma ita ce dai amsar bara da ta bara waccan. Na sake dubawa, Yaya. Babu. Shekara goma sha biyu ke nan tun ranar da aka kwashe su a ƙofar ma'aikatar jirgin ƙasa lokacin yajin aiki, kuma babu shekarar da ban bi rajista layi-layi ba. Na nemi mijinki Mai Guduma da sunansa, na neme shi da sunan mahaifinsa, na juya sunayen ta duk hanyar da kunnen Bature zai iya murɗe su. Waɗanda aka sako suna nan a rubuce, waɗanda aka ɗaure suna nan. Shi kaɗai ne kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Na san kina ganin tunda ni ne akawun fayil, ai komai a tafin hannuna yake. Bari in sake gaya miki yadda wurin yake. Ɗakin da nake aiki dogo ne, ba taga, kantoci ne cike da takardu har rufi. A ƙarshensa akwai ƙofar ƙarfe, bayanta kuma ƙaramin ɗaki inda ake ajiye fayilolin asiri. Makullin yana wuyan wata Baturiya da muke kira Uwar Makullai. Ni nake rubuta lamba da suna a bangon kowane fayil, in miƙa mata shi wayam, ita ta zuba abin da za ta zuba, ta ɗaure da jan zare, ta liƙe ƙullin da ɗanko. In babban Baturen ofishinmu, wanda muke kira Mai Lofe, yana son ɗaya, ni zan karɓa daga hannunta in kai teburinsa, in dawo da shi a ɗaure yadda na karɓa. Shekara ashirin da uku ina wannan aiki. Na san bayansu kaf, amma cikinsu ban taɓa gani ba.

Gari kuwa ya rikice da shirin mulkin kai. Fenti ake ta shafawa ko'ina, jaki ma in ya daɗe a tsaye sai ya tashi fari. 'Yan makaranta suna ta bitar sabon taken ƙasa a filin bayan ofishinmu, tun safe har rana ta take, baiti ɗaya suke ta tauna. An cire allon da ke ƙofar ban-ɗakin Turawa, amma kwana biyu ba wanda ya yi ƙarfin halin shiga. Baba masinja ne ya fara. Ya fito ya ce shekara talatin yana mamakin abin da aka ɓoye a ciki, ashe abin da ake yi a namu shi ake yi a nasu, sai dai su da madubi.

Kin ce ba ki ji murna a wasiƙata ta baya ba. Ina murna, Yaya. Babanmu ya ɗauki ƙasa a ka wata bakwai lokacin da aka shimfiɗa layin dogon nan, ba da son ransa ba, ya dawo bai ƙara miƙewa sosai ba har ya koma ga Allah. Ni ɗansa in ce ba na murna? Sai dai murnar ta zo ta tarar da ni a gajiye.

Abin da ya ƙara min gajiya shi ne umarnin da aka ba mu ranar Litinin. Za a kasa takardun ofis kashi uku: na bar wa sabuwar gwamnati, na tafiya da su ƙasarsu, da na ƙonawa. Magina sun riga sun fara gina tanderu a bayan ofis. Ina ganin yawancin abin da ke bayan ƙofar ƙarfe wuta ce za ta ci shi. Na gaya miki ne don ki san daga nan zuwa mako bakwai, ko wurin dubawar ma ba zai saura ba.

Ɗanki Direba ya rubuto min. Ya ce an ba ku takarda, za a rushe gidajen layinku a yi babban titi bayan biki, ya gyara miki ɗaki a wurinsa ke da Auta, amma kin ce ko an zo da motar rushewa a kanki za ta bi. Na san dalilinki: kada mutum ya dawo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tarar da baƙin fuska, ko ya tarar babu ƙofar ma. Ba zan ce miki komai a kan wannan ba, don ba ni da bakin faɗa. Ɗanki ne dai, kuma ya damu. Ki ɗan haɗa kayan ko don hankalinsa ya kwanta.

Ki gaishe min da Auta, ki ce kawunta ya ce ta dage da karatu. Allah Ya bar zumunci.

Ni ne ƙaninki,
Akawu


Alhamis, saura mako biyar

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Auta. Mu ma lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, kuma abin da ke cikin takardar nan kada ki gaya wa kowa tukuna, har Direba.

Ranar Litinin aka buɗe ƙofar ƙarfe don tantance na ƙonawa. Ga yadda muke yi: Uwar Makullai tana ciki tana kiran lamba, ni ina bakin ƙofa da rajista ina kiran sunan da ke gaban lambar don a tabbatar, Baba masinja yana jera su a ƙasa. Mun yi nisa, bakina har ya bushe, sai ta kira ɗari huɗu da sha bakwai. Na duba, na kira sunan: Banjiba.

Sunan nan na san shi, Yaya. Ni na rubuta shi da hannuna a bangon fayil, daga wata 'yar takarda da 'yan sanda suka aiko. Shekara goma sha biyu ina wuce shi a rajista, na ɗauka sunan wata ƙabila ce ta nesa, tunda ma'aikatar jirgin ƙasa ba irin mutanen da ba ta tara ba. Da ido nake ganinsa kullum. Ban taɓa faɗarsa da baki ba sai ranar.

Ina faɗa sai Baba masinja ya juyo, ya ɗaga murya ya maimaita min lambar, wai ya ɗauka cewa na yi ban ji ba. Na fashe da dariya, shi ma da ya gane ya kama dariya, har Uwar Makullai ta leƙo tana tambayar abin da ya faru. Ina cikin dariyar gabana ya yanke ya faɗi.

Ke kin fi kowa sanin kunnen Mai Guduma. Shekara goma sha biyar yana cikin tukunyar jirgi yana dukan ƙarfe, har kunnen ya toshe. Duk abin da aka ce masa, sai ya karkato kai ya ce ban ji ba, sannan a maimaita. Mun sha tsokanarsa a kan wannan. Ranar da na zo gaya masa na sami aikin akawu, sai da na faɗa sau uku, har maƙwabta suka riga shi yi min barka. To ki auna: an kwaso su an tara a fili, hayaniya ko'ina, Baturen ɗan sanda yana zaune a tebur da alƙalami, yana tambayar kowa sunansa da harshensu. Aka zo kansa. Me kike jin zai ce? Me kuma kike jin wancan zai rubuta?

Da aka tashi cin abinci na koma kan rajista ni kaɗai. An buɗe fayil ɗin kwana biyu bayan kamen. Daga 'yan sandan garinku takardar ta fito. Yana cikin jerin na yajin aiki, tsakanin mutum biyu da na san tare aka kama su da shi. Ban tabbatar ba, Yaya, ina ƙara faɗa miki ban tabbatar ba.

Akwai abu ɗaya da bai kamata in ɓoye miki ba. Fayil ɗin ba shi da kauri, kuma rajista ta nuna rabon da wani ya neme shi shekara goma ke nan. A aikinmu, in fayil ya daina yawo tsakanin tebura, to ko dai an manta da mai shi, ko kuwa an gama da maganarsa. Ban san wanne ne ba, kuma ba zan yi miki duba ba.

Yana cikin na ƙonawa. Ni na ɗauke shi na ɗora a kan tulin, da hannuwan nan nawa, yana ɗaure da jan zarensa. Za a kunna tanderu nan da mako uku. Ina ta tunanin hanyar da zan bi.

Na zauna ina jin haushin kaina. Mutum ya yi ta taƙama ya san harshen Bature, yana gyara wa ƙananan akawuna rubutu, ga maganar gidansu a gabansa da manyan haruffa shekara goma sha biyu bai gane ta ba. Sai da tsohon da bai san ko harafi ɗaya ba ya karanta min ita da kunne.

Ki yi ta addu'a. Allah Ya sa mu ji alheri.

Ƙaninki,
Akawu


Asabar, saura mako uku

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fata ƙafar ba ta tashi ba da wannan zirga-zirgar da na ji kina yi. Uwar yara ta ce in gaishe ki da kyau. Ta lura ba na cin abinci, na ce mata ƙurar takardu ce.

Na ga amsarki. Rubutun ya koma hawa kan juna. Kin ce kin kwance ɗan kayan da kika fara ɗaurewa, kuma za ki hau jirgi ki zo ki zauna a ƙofar ofishinmu har sai an ba ki fayil ɗin. Don Allah kada ki zo. In kika zo kika ambaci lambar nan, a ranar za a jefa shi wuta, a ranar kuma za a tambayi wanda ya gaya miki.

Ban zauna ba, na yi abin da zan iya. Akwai wanda zai gaji kujerar Mai Lofe, ɗan ƙasa ne, muna kiransa Sakatare. Za ki iya tuna shi, shi ne malamin makarantar nan siriri da yake rubuta wa masu yajin aiki takardun da ake rabawa, har aka ɗaure shi wata shida. Yanzu ya yi jiki, an ba shi ƙaramin ofis a ƙarshen baranda yana koyon aiki. Na sa rigata mai kyau na same shi ranar Talata. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka kawo shayi, ya saurare ni har ƙarshe. Da na zo kan sunan sai ya yi murmushi, sannan ya ga fuskata ya daina.

Ya ce abin ya taɓa shi matuƙa, mutane irin Mai Guduma su ne suka share hanyar da muke kai yau. Amma shi ba shi da makulli sai ranar da aka ɗaga tuta. Ya ce da ƙyar aka kai ga sa wannan rana, an yi zama a ƙasarsu sau uku, an yi zaɓe sau biyu, kuma manya sun yarda a tsakaninsu ba za a tono abin da zai ɓata rabuwa ba. In yi haƙuri, bayan biki za a kafa kwamiti a binciki duk waɗanda suka ɓace. Na ce masa ranka ya daɗe, ai kwamitin a kan toka zai zauna. Ya dubi agogo, ya ce in shanye shayin kada ya huce.

Ban ji haushinsa sosai ba, shi ne abin mamaki. Shi ma a gajiye na gan shi. Yana tsoron kada wani abu ya zame a waɗannan 'yan kwanakin a ce shi ne sila.

Mai Lofe kuwa ba a tunkararsa da irin wannan. Tambayar farko da zai yi ita ce me ya haɗa akawu da abin da ke cikin fayil na asiri. An taɓa korar wani a gabana don kawai an ga ɗankon wani ƙulli ya fashe a hannunsa. Yanzu ma abin ya ƙaru: kullum in za mu tashi, ɗan sanda yana laluba mu a ƙofa, har hula da takalmi. Ni da furfurata ina tsaye da ƙafa ɗaya, yaro sa'an ɗana yana leƙa cikin takalmina.

Ba zan yi miki ƙarya ba, Yaya, ina tsoro. Saura min wata takwas in ajiye aiki da mutuncina, ga yara biyar, babbansu bai gama makaranta ba. Ina kwana da wannan ina tashi da shi. Abu ɗaya ne ya zo min da sauƙi: an ce ni zan tsaya a bakin tanderu, saboda ni na san lambobin. Alkawarin da zan iya yi miki ke nan, kuma ba zan ƙara a kansa ba: zan ga cikinsa, ko da ido ne kawai.

Ki daina zuwa tasha kullum kina tarar jirgin safe. Auta ta rubuta a ƙasan wasiƙarki cewa kin koma yi, ba ta san dalili ba. Ki tausaya wa ƙafar nan.

Allah Ya ba mu ikon ɗaukar abin da za mu ji.

Ƙaninki,
Akawu


Talata, kwana uku da ɗaga tuta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Auta da Direba. Ina fata kuna lafiya. Wasiƙunki biyu sun iso, ban amsa ba. Ba rashin lokaci ba ne. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina ɗauke da abin da zan gaya miki, kullum in ɗauki alƙalami in ajiye. Na ce bari a gama biki, kada in sa ki kuka ranar da kowa yake dariya. Yanzu na ga kaina na tausaya wa, ba ke ba.

An yi bikin. Mun tsaya a fili tun safe, rana ta gasa mu, aka sauke tasu aka ɗaga tamu. Igiyar ta ɗan maƙale a tsakiya, wani soja ya girgiza ta, sannan ta hau. Mutane suka ɓarke da sowa, Baba masinja yana kuka wiwi kamar yaro, ni ma na ji idona ya cika. A ofis Sakatare ya tara mu ya yi jawabi mai daɗi, ya ce sunayen jaruman yajin aiki ba za su taɓa gogewa daga tarihin ƙasar nan ba. Aka tafa. Ni ma na tafa, har lokacin ƙaurin hayaƙi bai bar hannuna ba.

Ga abin da ya faru. Takarda in tana ɗaure ba ta cin wuta, gefe ne yake ƙonewa, tsakiya ta saura lafiya lau. Saboda haka dole a kwance kowane fayil. Uwar Makullai tana zaune a tebur nesa da hayaƙi, ta yanke zaren, ta ƙirga takardun, ta miƙo min, ni in watsa su a wuta ɗaya bayan ɗaya in juya da sandar ƙarfe, ita ta sa hannu a jerinta. A rana ta huɗu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ta yanke zaren ɗari huɗu da sha bakwai. Takarda bakwai ce. Ta miƙo min ke nan aka leƙo aka ce Mai Lofe yana nemanta a tarho. Ta tashi ta shiga. Ɗan sandan da ke gadinmu yana can gindin bishiya ya juya baya yana goge ido.

Shi ne, Yaya. Takardar farko ta kwatanta shi: dogo, maƙerin tukunyar jirgi, babu kan ɗan yatsansa na hagu. Laifin da aka rubuta masa shi ne an ba da umarnin a watse sau uku bai motsa ba, kuma da ake yi masa tambayoyi ya ƙi amsawa, sai dai ya yi ta maimaita sunansa. Saboda haka suka ce mai taurin kai ne, yana cikin shugabanni, ba a haɗa shi da waɗanda aka sako ba. Babu inda aka rubuta cewa kunne ne ba shi da shi. Aka tura shi sansanin fasa dutse da ke ƙarshen layin dogo.

Allah Ya yi masa rasuwa a can, ranar sha huɗu ga watan takwas, a shekara ta biyu da kama shi. Ciwon ƙirji ne, ya yi kwana tara a ɗakin magani. An rubuta cewa 'yan uwansa fursunoni ne suka yi masa sutura suka binne shi a maƙabartar bayan sansanin. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya ba ki haƙuri. Shekara goma ke nan, Yaya. Auta tana koyon tafiya lokacin.

Saura takarda ta bakwai, ita ce ta hana ni rubutu. Ambulan ne. Sun rubuto wa iyalinsa suna sanar da rasuwar, an aika layinku, zuwa ga iyalin Banjiba. Mai raba wasiƙu ya zaga bai sami mai wannan suna ba, ya rubuta a baya cewa ba a san shi ba, aka dawo da ita ofishinmu. Ina roƙon Allah Ya sa ba a ƙofarki ya tsaya ya yi tambaya ba. Duk wasiƙar da ta shigo ofis, teburina take fara sauka. A kusurwar ambulan ɗin akwai hatimin ranar da ta dawo, a ƙarƙashinsa kuma sa hannuna. Na riƙe ta. Sunan layinku yana rubuce a gabanta ɓaro-ɓaro. Ni lamba kawai na duba, na buga hatimi, na jefa a tiren Uwar Makullai, na ɗauki ta gaba. A watan da ta dawo ma na tabbata na rubuto miki na ce na duba, babu.

Me ya hana ni ninke takardar rasuwar in cusa a riga? Na san za ki yi wannan tambaya, gara in amsa tun yanzu. Uwar Makullai ta riga ta ƙirga, ba za ta sake ba. Mai laluben ƙofa ma ya fara gajiya, wani lokaci hula kawai yake taɓawa. Na ninke ta biyu, hannuna ya kai bakin aljihu. Sai na ji ƙarar takalminta a baranda, na tuna yara, na janye hannuna. Na karanta layin ƙarshe, mai wurin kabarinsa, sau uku yadda nake yi wa lambar da ba na son mantawa, na watsa su duka bakwai a wuta, na juya da sanda. Ta zauna ta tambaye ni ko an gama da wannan, na ce an gama. Ta sa hannu. Ba wanda ya tilasta min, ni na yi.

Ba na neman ki ce ba komai, don da komai. Shekara goma kin yi kina tarar jirgi saboda ƙaninki bai ɗaga ido daga kusurwar ambulan ba. In za ki iya yafe min, ki yafe. In ba yanzu ba, zan jira, ai ke kin yi jiran da ya fi wannan.

Ki bi Direba, Yaya. Ki ɗaure kayanki ki bar musu ɗakin su yi titinsu, babu mai zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofar nan. Ki zaunar da yaran ki gaya musu ubansu bai gudu ya bar su ba, kuma bai yi wa kowa taurin kai ba. Na nemi hutun kwana uku a ƙarshen wata, Sakatare ya sa hannu bai tambaye ni dalili ba. An ce an rufe sansanin amma maƙabartar tana nan. In kin yarda, zan biyo jirgin safe in ɗauke ku mu je tare. In kin fi so ku je ba da ni ba, na fahimta, Direba zai iya kai ku.

Ki juya bayan takardar nan. Na rubuta sunansa na gaskiya da na mahaifinsa da manyan haruffa, da ranar da ya rasu, da inda yake kwance: layi na uku, kabari na tara in an ƙirgo daga bango. Ki sa ta a wurin da ruwa ba zai taɓa ta ba, kada kuma ta ɓace a cikin kayan ƙaura. Duk faɗin ƙasar nan babu wata takarda da ta san inda yake, sai ita.

Ni ne ƙaninki mai neman gafararki,
Akawu